Kwalayen Gidan Mama Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da Asabar ɗin da na tashi ceton talakawan Minna. Zamanin soja ne, lokacin da gwamnati ta ƙayyade farashin kayan masarufi, su kuma kayan suka yi fushi suka ɓace. Sukari, madara, sabulu, shinkafa, sai dai ka ji farashinsu a rediyo. Ka shiga kanti, mai kanti ya nuna maka kanta wayam har da rantsuwa, alhali kana jin ƙamshin sabulu ta ƙofar baya.

Ni a lokacin malamin firamare ne, ina haya a Sauka Kahuta, saura 'yan makonni aurena da Rakiya, 'yar wani tsohon ma'aikacin reluwe. Albashina ba ya kai tsakiyar wata, amma bakina yana kai ko'ina. A teburin mai shayi ni ne lauyan gwamnati. Duk wanda ya ce a bar kasuwa ta yi halinta sai in hau shi da faɗa: wace kasuwa? Wadda Alhaji mai sito na bakin titi yake ƙara mota, mu muna shan shayi baƙi ƙirin? (Kowa ya san abin da ke cikin siton nan, amma ko ni mai baki ban taɓa faɗin sunan mai shi da ƙarfi ba.) Abin nawa ya kai ko ƙiba na ga mutum ya yi sai in fara zarginsa.

To, akwai maƙwabciyata Mama Ladi, 'yar Gbagyi ce daga Beji, doya take sayarwa a kasuwa. Matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci har sakwara take aiko mini. Amma sai na fara lura da wasu abubuwa. Mata suna shigowa gidanta da rana tsaka, kwano a kafaɗa, doya a sama, amma ƙasan doyar kusurwar kwali tana leƙowa. Ɗakin da a da labule ne kawai a ƙofarsa, ya samu kwaɗo sabo fil. In na shiga ɗiban ruwa a rijiyarta sai ta tare ni a zaure, ta karɓi bokitin ta ɗebo mini da kanta. Wata rana ma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ka kusa yi ƙiba!" ta fashe da dariya. Na ce a raina, lallai ma matar nan, ta ɓoye abincin jama'a kuma tana yi wa yunwata ba'a.

Na yi kamar ina neman kaza (ban taɓa kiwon kaza ba), na zagaya bayan gidan, na ɗare kan wani dutse na leƙa taga. Innalillahi! Buhunan shinkafa, garwar man gyaɗa, kwalayen madara da sukari a jere. Na sauko ina murnar na kama ɓarauniya.

Da yamma a wurin zance na ce wa Rakiya na bankaɗo wata mai ɓoye kaya. Ta ce, "Wace ce?" Na gyara hula na ce sirrin hukuma ne. Ta ce, "Malam, don Allah ka rage sa ido." Da na faɗi sunan nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Washegari na tafi ofishin kwamitin kula da farashi da ƙafata, na kwatanta gidan har da bishiyar mangwaron da ke ƙofarsa.

Asabar da hantsi motar soja ta tsaya. Suka ɓalle kwaɗon, suka fito da kayan suka baje a ƙofar gida. Yadda ake yi a lokacin shi ne a sayar wa jama'a nan take a farashin gwamnati. Kafin ka ce me, unguwa ta yi layi har bakin titi. Ni kuwa na laɓe a baya ina kallon aikina, sai kofur ɗin da ke jagorantarsu, wanda na tarar a ofishin ranar da na kai ƙara, ya hango ni. Ya ɗaga murya: "Ga malamin da ya kawo rahoto! Ku ba shi hanya, shi ne na farko!" Har tafi aka yi mini. Na sayi gwangwanin madara ɗaya da kwalin sukari ɗaya, na rungume su kamar jarirai.

Mama Ladi tana durƙushe a rana, an sa ta ɗaga hannu sama. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne ya kawo soja? Kai?" Sai ta juya ga kofur: "Oga, kaya ba nawa ba ne, na biki ne!" Ya ce kowa haka yake cewa, ta shirya shiga mota.

Ana cikin haka sai ga wata mata ta ratso layin da gudu, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Inna ce, mahaifiyar Rakiya. Na zube ƙasa na durƙusa kamar yadda suruki ke yi, ina mamakin me ya kawo ta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa kofur, "Yallaɓai, garar 'yata ce. Wata da watanni ina bin layi, gwangwani ɗai-ɗai na tara su. Awakina na sayar na sayi shinkafar nan. Na ajiye a wurin ƙawata ne don gidanta na kusa da ɗakin da za a kawo amarya."

Gara! Kayan abincin da iyayen amarya ke kai wa ango bayan biki. Kuma ango a nan ni ne. Ƙibar da Mama Ladi ta yi mini albishir da ita ce take tafiya a hannun mutane, mudu-mudu.

Kofur ya ce in gaskiya ne a nuna masa angon ya shaida, in ba haka ba Mama Ladi barikin soja za ta kwana. Wallahi na yi tunanin tsallake katanga. Amma ga matar da ke ba ni sakwara a durƙushe, hannu a sama saboda ni. Na ɗaga yatsa kamar ɗan aji ɗaya na ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Kai ne wa?"

"Angon."

"Kai ka kawo ƙarar garar taka?"

Dariyar da aka yi, har kofur sai da ya dafa mota. Ya saki Mama Ladi, amma ya ce kaya an riga an sayar, hukuma ba ta warware ciniki. Inna, da yake kunya ta hana ta yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta juya ga ƙawarta ta ce, "Ladi, tambayar mini wannan bawan Allah, sukarin dai ya yi masa araha ko?"

Na kwana biyu ban iya cin abinci ba, ina jiran a dawo mini da kayan lefena. Na je na ba Mama Ladi haƙuri, ta ce ta yafe, amma daga ranar sakwara ta yanke. Can sai saƙon baban Rakiya ya zo: aure yana nan, amma in aika da madarar da sukarin da na saya. Na aika ban san dalili ba.

Shinkafar biki kuwa, kawuna ne ya sayo ta a siton Alhaji, ta ƙofar baya, a farashin da har yau in na tuna sai in yi salati. Motar soja ba ta taɓa tsayawa a ƙofar siton nan ba.

Ranar kawo gara, mata suka shigo da guɗa, Mama Ladi a gaba, ɗauke da wani ƙaton kwano a kafaɗa, an lulluɓe shi da sabon zane. Suka dire shi gaban abokaina da danginmu, suka yaye. Gwangwanin madara ɗaya, kwalin sukari ɗaya.

Har yanzu ban daina ganin ana zaluntar talaka a kasuwa ba, kuma ban daina zargi ba, hali ne. Abin da na koya shi ne, hukuma in ka nuna mata ƙofa, ƙaramar take iya ɓallewa, don haka kafin ka nuna ka tambaya ko bikin wa za a yi. Rakiya kuwa har mun yi jikoki, amma duk ranar da sukari ya ƙare a gida sai ta miƙo mini hulata ta ce, "Malam, ko za ka je neman kaza?"