Tuwon da Ya Ƙura wa Inna Ido

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da tsufa ya sa na manta sunan jikokina. Lokacin ina amarya a Gusau, lallen ƙafata ma bai goge ba, kuma babban burina shi ne Inna, uwar mijina, ta buɗe baki ta ce ɗanta ya auro mai hankali. Ba ta taɓa faɗa ba. Kallona kawai take yi ta ce "to".

Ni kuwa Allah ya yi ni da mafarkin ido biyu. Akwai wani shirin aljanu da muke bi a talabijin ni da ƙawayena, Rabi daga Tsafe da Hauwa daga Bungudu, sai muka yi shawarar kallon ƙarshensa a gidana da rana, don su koma kafin duhu. Nan na ƙudurta sai na yi girkin da za su riƙa ba da labari har a gidan suna.

Na tuƙa tuwon shinkafa na mulmula shi kamar ƙoƙon kan mutum, na sa masa idanu da dabino, haƙora da gyaɗa. Na kwarara masa jar miya, ƙafafun kaji suna leƙowa kamar yatsu. Malmalar da ta fi muni na rufe ta a samira na ajiye bakin ƙofa, don su Rabi su fara cin karo da ita. Na saki labule, na zuba turaren wuta, hayaƙi na yawo a hankali cikin ɗan hasken da ya rage. Na lulluɓa da farin zanen gado, na shafe fuska da hoda, na zambaɗa kwalli. Wallahi ji nake kamar ba a ƙasa nake takawa ba.

Abin da na manta (kaico, ƙwaƙwalwar kifi!) shi ne, duk abin da na girka, kwanon farko na Inna ne, kuma a wannan samirar nake zubawa, a nan nake ajiyewa. Ina gaban madubi na ji maigida ya ce, "Na tafi da na Inna." Ni kuma ina can duniyar aljanu, na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce yauwa, su Rabi ne. Na lallaɓa, na ɗaga hannuwa sama, na buɗe tare da sakin wata ƙara wadda ni kaina ban san ina da ita ba.

Inna ce. Samira a hannu ɗaya, carbi a ɗayan.

Ba ta gudu ba, baiwar Allah. A'uziyya ta ja, ta tofa mini a fuska. Na zube ƙasa, gumi na wanke hoda, ina ta "Inna wasa ne, na kallon talabijin ne." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ni da na buɗe kwano na ga abinci na kallona, cewa na yi shi ke nan, an gama da ɗana."

Ta zauna, ta daɗe tana duban labule da hayaƙin nan. Sannan ta cire dabinon ta ajiye gefe, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ta ƙara.

"Hannunki akwai daɗi," in ji ta. "Hankalin ne za mu ci gaba da addu'a."

Yabon farko ke nan da na samu daga bakinta, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Tun daga ranar, kwano ba ya fita gidana sai na buɗe na tabbata ba ya kallon kowa, ƙofa kuwa sai na ce "wane ne?" tukuna.