Yadda Za Ka Warkar da Allon Kwamfuta Mai Kifta Ido Ba a Gane Kai Ka Jawo Ba

Kai mai allo biyu a kan tebur ɗaya, na dama lafiya lau, na hagu yana kifce-kifce kamar wanda ƙwaro ya faɗa wa ido, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari zai warke kafin ƙarfe huɗu. Aji uku na yi a makaranta, amma na shekara arba'in ina tsintar wayoyin lantarki, kuma a kwamfutar 'yata na gwada komai.

1. San abin da za ka rasa

'Yata mai zanen gine-gine ce, a gidanta nake zaune. Ranar da abin ya faru, ƙarfe huɗu za ta nuna wa waɗanda suka ba ta aiki zanen wani asibiti, a allon hagu. Ni kuma ina da akwatin tsofaffin wayoyi a ƙarƙashin gado, kowace da sunanta a 'yar takarda. Ta riga ta ce min, "Baba, ka sake taɓa min kaya, akwatin nan naka bola za shi." Idan ba ka da abin tsoro irin wannan, ba za ka iya gyara ba.

2. Kada ka tuna abin da ka yi jiya

Misali, kada ka tuna ka leƙa bayan tebur ka ga waya mai bakin zinariya. Kada ka tuna ka cire ta, ka sa wata tsohuwa mai kama da ita wadda ka tsinta a bakin titi. Ai ba sata ba ce, musaya ce. Gwani ba ya waiwaye.

3. Zura wa allon ido

Ja kujera, ka ɗora tabarau a karan hanci, ka ce "uhm" sau uku. Idan ya kifta, kai ma ka kifta masa. Ni na lura duk sa'ad da mota ta wuce sai ya yi sau biyu, kamar mai gaisuwa. Na so in rubuta wannan, sai 'yata ta ce, "Baba, saura awa biyu."

4. Kashe, ka kunna

Wannan ba ya gyara komai, amma yana cin minti biyar, kuma mutane suna ganin girmansa.

5. Ɗora laifi a kan wanda ba ya nan

Surukina ya shigo yana naɗe hannun riga, ya ce, "Baba, direban ne ya tsufa, sai an sabunta shi." Ashe akwai direba a cikin kwamfutar, shekara da shekaru yana tuƙa hotuna, ko ruwa ba a taɓa ba shi ba. Na ce, "Tsufa ba laifi ba ne, amma a sallame shi." Aka kawo sabo. Allon ya kifta wa sabon ma.

6. Nemi ilmi, yana jan lokaci

Surukin ya buɗe wani shafi, ya ce wai kowane allo yana kiftawa sau sittin kafin ka ce "ɗaya", idonmu ne ba ya kamawa. Ka ji abin mamaki! Kenan na dama ma kiftawa yake, ya dai iya ɓoyewa. Na hagu ne mai gaskiya. Na faɗa musu haka, surukin ya rufe shafin.

7. Hana su leƙa baya

Nan ne haɗarin. 'Yata ta ce, "A musanya wayoyin mu gani, ko allon ne ko wayar." Yi maza ka ce akwai ƙura, akwai kunama, wuta na ja. Ni duka ukun na faɗa. Ta dube ni, ta dubi agogo, saura minti ashirin. Sai na ga ta zura wa zanen ido. Wata huɗu ta yi tana zanen nan, ga shi ɗakin haihuwa yana ɓacewa yana dawowa.

8. Kore su, ka durƙusa

Na ce, "Uwata, ku ba ni ɗakin, gyaran nan ba ya son ido." Da suka fita na zaro mai bakin zinariyar daga aljihu, na rarrafa ƙarƙashin tebur. Gwiwoyina suka yi ƙara, na mayar da ita gidanta, na ɗaure 'yan kusoshinta. Allo ya tsaya cak.

9. Karɓi yabo da kunya

Surukin ya ce, "Baba, me ka yi masa?" Na ce, "Lallashi." Ta nuna zanenta, aka karɓa, ina jin tafi daga bakin ƙofa.

Da yamma ta same ni a ɗaki, ta miƙo min wata 'yar takarda mai zare. Rubutuna ne: "Macijiya mai haƙorin zinariya, lamba 212." A jikin wayar na manta ta. Ta dubi ƙarƙashin gado, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Baba, gyara lambar. Ɗari biyu da sha ɗaya gare ka." Ta kifta min idon hagu, ta fita.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ko korar direba, ko akwatin da ya tafi bola. Idan naka allon bai warke ba, laluba aljihunka. Idan kuma 'yarka ba irin tawa ba ce, ban san ka ba, ba ka san ni ba.