Rasuwar Ɗan Rahoto, Agogon Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda yanzu babu mai ƙirga bugunta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sana'a na layin masu yadi rasuwar agogon hannuna, wanda aka fi sani a gida da Ɗan Rahoto. Ya kamata sanarwar nan ta fita tun makon jiya, amma ni mutum ne mai jinkirta duk abin da ke buƙatar miƙewa tsaye, kuma wanda ya saba tashe ni shi ne ya kwanta.

Marigayin ya shigo gidanmu shekara biyu da suka wuce, jim kaɗan bayan likita ya auna jinina, ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni ko ina tafiya da ƙafa. Na ce ina yi, daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa kujerar shago. Bai yi dariya ba. 'Yar farina, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ita ta taho da agogon da ta zo hutu. Da hannunta ta ɗaura min shi, ta haɗa shi da wayarta, ta ce duk takun da na yi da duk zaman da na yi za ta gani daga can. Nan ya samo sunansa.

Shaidar da zan yi masa ita ce, bai taɓa ɗaga min murya ba. Idan na daɗe a kujera sai ya ɗan girgiza, bzz-bzz, kamar mai tashin baƙo cikin ladabi. In na share shi ba ya fushi, sai ya jira ya sake. Mai rufin asiri ne: gyangyaɗin da nake yi bayan azahar a bayan kantar shago, baki buɗe, shi hutu yake kiransa. Ya san halin zuciyata fiye da kowa. Idan mai saye ya sa na sauko da bandir goma na yadi na baje masa, sannan ya ce bari ya zagaya ya dawo, fuskata takan yi murmushi, amma marigayin ya san gaskiya. Sai ya nuna min wata 'yar da'ira mai kumbura tana sacewa, wai in ja numfashi.

Sannan mai kyautata zato ne har ya yi yawa. Aikinmu aikin hannu ne: ka ja yadi, ka miƙa shi kan sandar awo, ka sake ja. Shi kuwa duk miƙa hannun da na yi sai ya ɗauka taku ne. Ranar da wata makaranta ta zo sayen yadin kayan ɗalibai, ban ɗaga daga kujera ba sai don salla, amma da yamma ya yi tilin-tilin, ya nuna min kofin zinariya, ya ce na kafa tarihi. Ban gyara masa ba. Ba a kunyata mai yabo.

Ya sha gori a farkon zuwansa. Telan da ke maƙwabtaka da shagona ya leƙo ya dube shi, ya ce, "Mai Yadi, kai ma an sa maka ankwa? Me ka sata?" Yau rabin layinmu na ɗaure da irinsa. Da sassafe za ka ga manyan mutane masu tumbi suna zagaya filin ƙwallo, kowa ido a wuyan hannu, ba mai gaida wani kada lissafi ya ɓace. Telan ma ya je ya sayo nasa mai araha. Muka ɗaura shi a jikin bandir don gwaji, ya ce zuciyar bandir na bugawa lafiya lau, har ta fi ta mai shi.

Amma duk wannan ba shi ya sa nake makoki ba.

Ni irin iyayen nan ne da za su iya ɗaukar wa ɗansu buhu a ka, amma ba su iya zama su yi hira da shi ba. Kafin zuwan marigayin, idan 'yata ta kira, magana uku ce tsakaninmu: "Baba ina wuni. Ya kasuwa? Mama na kusa?" Sai in miƙa waya in koma gefe, ina jin su suna dariya kan abin da ban sani ba. Ban taɓa ganin laifinta ba. Haka na yi da nawa uban.

Da agogo ya zo, sai wayata ta fara ƙara kowace yamma, ni ake nema.

"Baba, yau ina ƙafafunka? Aro ka bayar?"

"Kasuwa ce, 'yar nan."

"Kasuwar ce ta ɗinke ka da kujera?"

Daga faɗa sai magana ta zarce. Ta haka na san shugabarta a wurin aiki ba ta amsa gaisuwa sai ta sha shayi. Na san rufin ɗakinta na yoyo daidai kan gado, na koya mata abin da za ta faɗa wa mai gidan haya. Ta haka ita ma ta ji cewa kakanta da kamu ɗaya yake gane yadi mai kyau, ido rufe, labarin da ban taɓa ba kowa ba don ba wanda ya tambaya. Uwar yara kan zauna a gefe tana ninke kaya, ta ce, "A gaishe ta, tunda ni yanzu sai saƙon gaisuwa."

Na yi tafiyar, ba zan ce ban yi ba. Na sayi takalmin gudu, na zagaya filin tare da masu tumbi. Sai dai na lura ranar da na yi ƙoƙari hirar gajera ce: "Madalla, Baba, haka nake so." Ranar lalaci kuwa har batir ya yi ja. Mai hankali ya san inda riba take.

Ajali ya same shi a bakin aiki. Wata hajiya ce ta zo, ta ɗauki wani shuɗin yadi ta juya shi, ta ce yana zuba. Na ce ba ya zuba. Ta ce idonta bai taɓa yi mata ƙarya ba. To, mu a sana'ar nan ba ma rantsuwa, gwaji muke yi. Na jawo roba, na tsiyayo ruwan zafi daga fulas, na barbaɗa garin sabulu, na yanki gefen yadin na tsoma hannu har wurin agogo ina cuɗawa, ina kallonta ido cikin ido. Marigayin ya yi bzz sau ɗaya. Na ɗauka tashi yake cewa in yi, ashe sallama ce.

Ruwan ya koma shuɗi. Hajiya ta ce, "Allah ya ba da kasuwa," ta fita. Yadi ya zuba, ciniki ya tashi, fuskar agogo ta yi hazo daga ciki kamar tagar mota ranar ruwa.

An yi iya ƙoƙari. Bisa shawarar Tela, an kwantar da shi cikin buhun shinkafa kwana biyu, uwar yara na cewa in ya warke ya biya ta wadda ya ci. Ya farfaɗo sau ɗaya, ya haska, ya ce zuciyata ta tsaya, sannan ya ɗauke. Daga nan aka garzaya da shi wurin mai gyaran waya na bakin titi. Ya ɓalle bayansa da ɗan ƙarfe, ya kai hanci ya sansana, ya ce, "Baba, wanka kuka yi masa?" Na ce tsautsayi ne. Ya mayar da murfin a hankali, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri.

Ya rasu ya bar cajarsa, wadda ba ta shiga komai a gidan nan sai shi. Ya bar maɗauri na biyu da bai taɓa sawa ba, da takalmin gudu ƙafa biyu masu sauran ƙuruciya. Ya bar farin zobe a wuyan hannuna, inda rana ba ta taɓa ba tun zuwansa. Har yanzu ina juya hannun in duba, sai in ga fata kawai. Ya kuma bar ni.

Ban sanar da 'yata ba a lokacin. Tun ranar ban fita ko'ina ba, kuma na san wayarta ba abin da za ta nuna mata sai wayam. Kowace yamma ta kira ta yi faɗa, faɗa mai kyau, irin wanda ban samu ba tun bara. Na zauna ina amsawa da to, to, ina jin daɗi, ina kuma jin kamar mai cin abincin da aka dafa wa wani. Na san ranar da na faɗa za ta ce ayya, Baba, in na samu hali zan aiko da wani. Daga nan sai me? Ni ban iya fara magana ba. Shi ne ke buɗe mana ƙofa, ni shiga kawai nake yi. Abin da nake tsoro kada mu koma kan magana ukun nan, in ji ta ce Mama na kusa, in miƙa.

Za a sada shi da makwancinsa gobe da hantsi, a aljihun tebur na ƙasa a shago, kusa da tsohuwar rediyo da makullan da ba wanda ya san ƙofarsu. Za a naɗe shi da ƙyallen shuɗin yadin da ya yi ajalinsa, tunda ba mai saye. Tela ya yi alkawarin zuwa da nasa agogon, don a tabbatar babu sauran bugu, ko da yake ba a sa ran zai faɗi gaskiya. Ana karɓar gaisuwa a shago. Masu zuwa su taho da ƙafa, don girmama mamaci. Za su same ni a zaune.

'Yata ba za ta samu halarta ba. Yau da safe na daure na kira ta, karo na farko da ni na fara kira. Na faɗa mata komai, har da robar da sabulun.

"Baba," ta ce, "ai tun wata na biyu da zuwansa na canja waya, ban sake haɗa shi ba. Ban ma san yadda ake yi ba."

Na ce to wa ke gaya mata ban fita ba?

Uwar yara na bakin ƙofa, tana ninke zani, ba ta ɗago ba.