Farin Yadi a Ƙofar Baba Arzika

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na je ƙasar Kurfai neman kashin jemage. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na ji zuciyata na tafasa, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin in huta.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, bincikena kuwa a kan manyan jemagun nan ne masu cin 'ya'yan itace, waɗanda ke zuwa da damina su tafi kafin kaka. Aikin da sauƙi a takarda. Ka shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin itacen da suke wuni, ka kwashe abin da suka zubar, ka tsince irin da ke ciki, ka gane itatuwan da suke yaɗawa. Malamina ya ce in ban kawo na kwana goma cur ba, kar in nuna masa fuskata sai baɗi.

Na sauka wurin kawuna a wani ƙauye kusa da Damana, inda jemagun suka cika wani ƙaton itacen dogon yaro. A hanya na tsaya kasuwar Baleyara na sayi farin yadi, don iri ya fi fitowa a kan fari. Na sa tela ya yanka mini huɗu, kowane tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya. (Sau biyu na sake aunawa a gabansa, har ya tambaye ni ko shi ne telan ko ni.)

Na kai wa maigari takardar jami'a, ya ce in yi aikina. Itacen yana daidai ƙofar wani gida. Kawu ya ce, "Gidan Baba Arzika ne, ba shi da lafiya. Ka shiga ka gaishe shi." Na ce to. Na kai bakin zaure, na jiyo muryoyin mata a ciki, sai ƙafata ta juya da kanta. Ni mutum ne da in aka ce in yi sallama a gidan da ban sani ba, gara a ba ni jarrabawa biyu.

Bayan sallar asuba na shimfiɗa yadi ɗaya sumul, na danne kusurwa huɗu da duwatsu, na rubuta kwanan wata a gefe da alƙalamin bik. Da la'asar na zo da 'yan ledojina. Babu yadi! Duwatsun kuwa an tara su wuri ɗaya tsaf. Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Na kai ƙara wurin Kawu, ya sosa ƙeya ya ce, "Hala iska ce." Iska! Iskar da ke jera duwatsu!

Yadi ɗaya ya rage mini, jemagun kuma kullum raguwa suke. Ina ganin shekarata tana tashi a kan fukafukansu. Ni da ban taɓa ɗaga murya ko a aji ba, na zauna na rubuta jawabi a kayena, wato littafin rubutuna, na gyara shi sau uku, na haddace.

Ana idar da sallar la'asar, dattawa na zaune a ƙofar masallaci, na miƙe. Na ce na zo da takardar hukuma. Na ce aikin ilimi nake yi don amfanin gonakinsu. Daga nan jawabin ya kuɓuce mini, baki ya ci gaba shi kaɗai. Na ce ban taɓa ganin garin da ake satar ƙyallen kashin jemage ba, in akwai wanda ba shi da abin ɗinka riga ya fito ya roƙa. Kawu na jan gefen rigata, ina fizgewa.

Wani magidanci ya tashi ya nufi gida. Aka raɗa mini Mamman ne, babban ɗan Baba Arzika. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo, yadina uku a ninke a kafaɗarsa, yana riƙe da wani tsoho dogo, ramamme, mai dogara sanda.

Tsohon ya ce, "Kai ne ɗan Yamai? Matso. Wa ya ba ka awona?"

Ban gane ba. Mamman ya warware yadi ɗaya ya ɗaga shi kusa da ubansa. Daga kai har diddige, kamar don shi aka yanka.

"Wata biyu ina kwance," in ji tsohon. "Sai ga wanga yaro da ban san shi ba, bai san ni ba, kullum da sassahe ya shimhiɗa mini likkafani a ƙofa, har da rubutu a gehe. Matata ta bar cin tuwo. Munka yi kurum sabadda kawunka. Yanzu kuma mu ne ɓarayi?"

Abin da kawai ya iya fita daga bakina shi ne, "Na jemage ne, Baba."

"Jemage nawa ka taɓa gani mai tsawona?"

Ƙofar masallaci ta kece da dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Wani daga baya ya ce, "Ɗan lakwal, ɗan boko, ƙirga kayanka, kar ɓarayin su rage maka ɗaya!" Ni dai ƙasa nake kallo ina roƙon ta tsage.

A ranar na shiga gidan na durƙusa. Matar tsohon ta juya mini baya, ba ta amsa gaisuwata ba. Shi ya amsa, ya ce a ba ni tsofaffin buhunan gero in shimfiɗa. Yadin kuwa ya riƙe abinsa, ya ce tunda ya yi masa daidai ba a mayar da alheri.

Kwana shida na samu, jemagun suka tashi. Malamina ya dubi ledojin, ya dube ni, ya ce, "Shida ba goma ba ce." Shekara guda na zauna ina kallon 'yan ajinmu suna karɓar takardunsu, ina jin haushin Kawu, da tela, da jemagu, in na zagayo kuma in tarar da kaina.

Abin da na koya, ga duk mai jin nauyin mutane irina: in kunya ta hana ka sallamar minti biyu a zaure, wata rana sai ta tsayar da kai a ƙofar masallaci, gari guda na kallonka.