Na Rantse Na Danna "Fita"

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Kamfanin da ya ƙera burauza, wato manhajar shiga intanet, da ke kwamfutar ɗakin karatun ƙauyenmu, ko ma wane ne shi, a ko ma ina yake zaune.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya, kuma kowa a ofishinka yana samun rufe ƙofarsa ta rufu. Ni ne Nedyalko Chakarov, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin da takwas ina rufe shingen hanya kafin jirgi ya wuce, ko akuya ba a taɓa takewa a hannuna ba. Na faɗi wannan ne don ka san da wanda manhajarka take wasa.

Kwamfuta ɗaya ce a ƙauyen nan ta kowa da kowa, da sunan shiga ɗaya, tana kusurwar ɗakin karatu kusa da murhu. Zdravka, mai kula da ɗakin, ta manna takarda a bango cewa duk wanda ya gama ya danna "Fita". Ina dannawa, ranka ya daɗe. Ga kukana:

1. Duk wanda ya zauna bayana, burauzarka sai ta tarbe shi da cewa ba a rufe ta yadda ya kamata ba. Wa ya ƙi rufe ta? Ni? Allon ya yi baƙi a gabana, har na gyara kujera na mayar da ita ƙarƙashin tebur. In kwamfuta ta ce kowa ya tashi, sauran manhajoji suna tattara kayansu su fita da mutunci. Taka ce kawai ke zama kamar ba da ita ake ba, sai an ja ta ƙiiii an jefa waje, gari ya waye ta ce faɗuwa ta yi.

2. Ba ta tsaya a ƙazafin ba, sai ta yi tambaya cikin ladabi: a dawo da shafukan da aka bari? Ranka ya daɗe, ka taɓa zama a ƙauye? A cikin mutum ɗari biyu da sha ɗaya da ke nan, nuna mini ɗaya da za a tambaye shi ko yana son ganin abin da maƙwabcinsa ya karanta ya ce a'a.

3. Na kai ƙara. Zdravka ta taya ni rubutawa a dandalinku. Mutanenka suka ce laifin masu tsarin kwamfutar ne, ba sa jira a gama sallama. Masu tsarin suka ce sun ƙwanƙwasa, burauzar ce ta yi kunnen uwar shegu. Wani bawan Allah ya rubuta cewa shi a tasa kwamfutar lafiya lau take rufewa, muna taya shi murna. Zdravka ta duba ta ga an fara wannan muhawara shekara shida da suka wuce. A zamaninmu ma sashen layi da sashen sigina ba sa ga maciji da juna, amma mukan ji kunya mu shirya kafin jirgin safe.

4. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro, kuma zan faɗe shi tun da dai babu wanda bai sani ba yanzu. Ina da 'ya, Temenuzhka, a gida muna ce mata Nushka, tana Valencia, can inda ake Sifaniyanci, shekara bakwai. Da mahaifiyarta ta rasu ba ta samu zuwa jana'iza ba, ni kuma na ɗauki waya na faɗa mata maganar da uba ba ya faɗa wa 'yarsa. Daga ranar muka daina magana. A shagon gahawa na buga tebur na ce ba ni da 'ya, kowa ya ji. To amma duk Talata da Juma'a nakan zo ɗakin karatu "duba hasashen yanayi", in buɗe shafinta in kalli hotunan jikata da ban taɓa ɗauka ba. Ina kewarsu kamar in mutu, ban dai ga dalilin da zai sa duniya ta sani ba.

Burauzarka ta ga dalili. Ran nan ina shiga shago, Bai Stamen (a nan "Bai" laƙabin dattawa ne), abokin wasan katina, ya ɗaga murya ya ce, "A'a, ga masanin yanayi! Bai Nedyalko, yaya garin a Valencia? An ce rana ta fito da haƙora biyu a gaba." Shago ya ɗauki dariya. Na sha gahawata da zafinta na fita.

5. Akwai kuma wasiƙa. Mako uku ina fama da ita, layi biyu kacal: "Nushka, inabin da mahaifiyarki ta shuka ya fara toho. Ban san me zan ƙara ba." Kullum sai in kasa aikawa, in kasa gogewa, in danna "Fita" da fatan kwamfuta za ta yi mini aikin da na kasa. Kullum manhajarka sai ta tsince ta ta adana. Ranar Laraba Gwaggo Paraskeva, mai shekara tamanin da uku, ta zo duba kiran jikokinta, aka yi mata tambayar nan, ta amsa irin amsar kowa. Da na tare ta a ƙofar coci ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Yo ni na ga wasiƙa ba a aika ba, na ce mantuwa ce irin ta tsufa, sai na danna maka. Kai da godiya za ka yi, kake zare mini ido kamar na ci maka kaza?"

Ranka ya daɗe, ka san abin da kamfaninka ya jawo mini? Ran Juma'a na tarar da amsa. Ita ma layi biyu ce, halin gidanmu ne: "Baba, kar ka ƙara komai. Muna zuwa bikin Ista." Na zauna a gaban wannan kwamfuta na yi kuka, a gaban Zdravka, ita kuma ta shiga jera littattafan da tun jiya a jere suke. Yanzu ga shafen farar ƙasa a ɗaki, ga neman ɗan rago, ga koyon gaisuwa da Sifaniyanci a shekara saba'in da ɗaya. Wa zai biya ni mutuncina na mai taurin kai da na yi shekara bakwai ina ginawa?

Saboda haka ina roƙonka da girman kujerarka, ka zauna da masu tsarin nan ku koya wa burauzarka sallama. Wannan aibi ne, kuma ya kamata a gyara shi.

Sai dai kada ku yi gaggawa, na ga dai ba halinku ba ne. Bai Stamen yana da ɗa a Chicago da suka yi shekara tara ba sa magana, kuma tun makon jiya ya fara zuwa ɗakin karatu duba farashin taki. Gwaggo Paraskeva ta riga ta ce a ajiye mata kujera ranar Laraba.

Naka mai matuƙar biyayya, wanda hularsa ke hannu,

Nedyalko Chakarov,
Tsohon shugaban tasha,
Gorna Vishna.