Yadda Za Ka Karɓo Makullin Ɗakin Giya Daga Wuyan Matarka

Likita ta ce jininka ya hau, uwargida ta kulle ɗakin ƙasa ta rataye makullin a wuya, gangar jar giyar inabin bana tana can cikin duhu ita kaɗai? Share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin a yanka aladen Kirsimeti kana ciki da kofi a hannu.

1. Daina kiranta giya

Daga yau sunanta magani. An faɗa a rediyo cewa jar giyar inabi na da wani sinadari mai hana jiki yin tsatsa. Sun dai ce "mai yiwuwa", amma ka haɗiye wannan wajen. A duk ƙasarmu Moldova ba wanda ya taɓa buɗe ganga da "mai yiwuwa".

2. Nemo shaida

Ambaci tsoho Haralambie na bakin coci, wanda kullum sai ya sha, ga shi har yau yana saran itace. Kada ka ambaci ƙannensa. Su ma sun sha, ba su ga auren 'ya'yansu ba.

3. Yi laushi a gaban abinci

Maƙwabcina Nichifor gwani ne a nan. Matarsa Zinovia na ajiye mamaliga, tuwon masararmu, da cuku, sai ya dafe ƙirji.

"Zinovia, tsatsa nake yi. Ba ki jin ƙarar gwiwata?"

"Ƙarar lalaci ce, tsoho. Ci abincinka."

In ta zage ka, alamar nasara ce. Wadda ta yi shiru ita ce abin tsoro.

4. Kada iliminka ya yi yawa

Nan Nichifor ya ɓata mana aiki. Daɗin baki ya kwashe shi, ya ce, "Ai sinadarin a ɓawon inabi yake, shi ya sa jar ta fi farar."

"A ɓawo?" in ji Zinovia. "To mun gode Allah!"

Ta zagaya bayan gida inda aka tara tukar inabin da aka matse, ta ciko kwano.

"Ga maganinka, maigida. Ba sai ka wahalar da gwiwa a matakala ba."

Kullum da safe yanzu yana zaune yana tauna kamar akuya. Tausayinsa nake ji, wallahi.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ne, duk abin da ya same ka kai ka jawo. Kuma kada ka zo gidana neman kurɓi ɗaya. Jiya Zinovia ta kawo wa matata ziyara, ɗauke da bokiti.