Bunsurun Kirsimeti da Na Yanka da Hannuna

A shekarar samun 'yancin kai, mu Kiristocin Dutsin-Ma ba mu cika ɗaki guda ba. Duk Kirsimeti maƙwabcina Malam Sani ke yi mini yanka, don maƙwabta Musulmi su ci naman. Ranar jajibere ya tafi Kurfi, ya ce in jira shi.

Fasto ya sha yi mana wa'azin jiran Almasihu, amma rana na karkatawa na zaro wuƙa na yanka bunsuruna.

Kwanukan da matata ta rarraba duk suka dawo da namansu, har da godiya.

Malam ya ce, "Haba maƙwabci! Annabawa sun jira shekaru aru-aru, kai la'asar ta gagare ka?"

Har yau Sarkin Fawa suke kirana. Su kira mana! Bunsuruna ne, kuma ni na cinye abina.